Tef Ɗin da Ya Fara Daga Sha Biyu

Shafi na 23

Goggo Zuleide ba kallon tsalle ta zo yi ba. Awo ta zo ɗauka.

Ranar Talata ce, sha biyu da kwata na rana, 'yan wasa duk sun fita cin abinci. Tainara ce kaɗai ta rage a zauren alkafura na kulob ɗin, tsaye da hannaye a buɗe, goggonta tana zagaya ta da tef ɗin tela. Rigar da za ta sa ranar Asabar a garin Curitiba ba ta haɗu ba tukuna, kuma Goggo ta ce ba za ta yanka yadi da awon bara ba.

A ranar Asabar ɗin za a zaɓi mata biyar da za su wakilci Brazil. Shekarun Tainara ashirin da ɗaya. Masu zaɓe sun riga sun faɗa mata, cikin ladabi, cewa wannan ce gayyata ta ƙarshe. Tsallen tebur ne ya kai ta gabansu tun farko, kuma shi ne ya kayar da ita sau biyar a gasa shida cikin shekara biyun nan. A wannan zauren nasu na garin Recife tana yin sa sau ashirin a rana, ta dira kamar an kafa ta. Da zarar ta fita wani gari sai ta zube.

Kowa ya san dalili. Tsoro ne. Haka kocinta Malama Valdirene ta rubuta a rahoto, haka likitar da ke sauraron 'yan wasa duk ranar Alhamis ta amince, haka ita ma Tainara ta koyi faɗa.

Goggo ta gama da ƙugu da kafaɗa, ta rubuta lambobin a bayan takardar burodi, ta ce ƙafarta ta gaji. Ta zauna a bakin katifar da ke gindin teburin tsalle.

A gefen shimfiɗar da ake gudu a kai akwai dogon tef mai ruwan ɗorawa, manne da ƙasa, daga gindin teburin har mita ashirin da biyar. Da shi kowace 'yar wasa take sanin inda za a ajiye mata katakon da za ta taka ta tashi. Lambar Tainara casa'in ce. Santimita casa'in daga tebur, tun tana da shekara sha huɗu.

Goggo ta daɗe tana kallon tef ɗin.

"Nara, wa ya saya muku wannan abin?"

Tainara ta ce tun tana yarinya yake nan.

"To ƙarya yake yi. Daga tebur zuwa inda ya rubuta ɗari, wannan ba mita ba ce."

Tainara ta yi dariya, ta tambaye ta ina ta baro tabaraunta.

"Tabarau na zare ne da allura. Shekara arba'in ina yanka yadi, 'yar nan. In aka rage min faɗin yatsa biyu, tun mai kanti bai ninke ba nake gani."

Ta zare tef ɗinta daga wuya, ta durƙusa tana nishi, ta kafa kansa a gindin tebur, ta ja shi har inda na ƙasa ya ce ɗari.

Nata ya ce tamanin da takwas.

Tainara ta ce tef ɗin tela yana miƙewa in ya tsufa. Goggo ta ce in ya miƙe ai ragewa zai yi kaɗan, ba sha biyu ba, kuma ta ce Tainara ta daina zagin kayan aikin da ya ciyar da ita. Suka sake aunawa. Tainara ta shiga ɗakin ajiya ta ɗauko ma'aunin ƙarfe na masu gyara, suka auna karo na uku.

Tamanin da takwas.

Kan tef ɗin zauren yana ƙarƙashin wata siririyar katifa da ke rufe ƙafar teburin. Ba a ɗaga ta ko ranar shara, domin an ɗaure ta da igiya ta baya. Tainara ta kwance igiyar, ta ɗaga.

Babu sifili. Babu ɗaya, babu biyar, babu goma.

Daga sha biyu tef ɗin ya fara.

Goggo ta shafa bakin da babban yatsa. Gam ɗin ya yi baƙi don tsufa, amma yankan a miƙe yake.

"Wannan ba ɓera ba ne," in ji ta. "Almakashi ne. Kuma mai yankan bai yi sauri ba."

Tainara ta zauna a ƙasa. Lissafin ba shi da wuya. Abin da take kira casa'in a nan, saba'in da takwas ne. A Aracaju, a Porto Alegre, a duk zauren da tef ɗinsa yake da gaskiya, casa'in casa'in ne. Gudunta ɗaya, takunta ɗaya, katakon yana zuwa ƙarƙashin ƙafarta a kan lokaci. Teburin ne yake ja baya da faɗin tafin hannu. Tana juyawa ta baya ta miƙa hannu, sai ta same shi a makare, a gefe, ba ƙarfin da zai ɗaga ta juyi biyu.

Sauran 'yan matan kulob ɗin ba su taɓa lura ba. In sun je wani gari katako bai yi musu ba, sai su tura shi da ƙafa su ci gaba. Ita ce ba ta yarda a taɓa lambarta.

Ta taɓa faɗa. A Aracaju, bayan gwajin farko, ta ce wa Malama Valdirene tebur ya yi mata nisa. Malama ta nuna mata lambar da ɗan yatsan ƙafa, ta ce casa'in ne, kamar jiya, kamar shekaranjiya, ba tebur ne ya matsa ba. A Porto Alegre ta sake faɗa. A gasa ta uku ba ta ƙara cewa komai ba.

Goggo ta tambaya wa ya manna tef ɗin.

Tainara ta ɗauki hoton kan tef ɗin da waya, ta mayar da katifar, ta ɗaure igiyar yadda ta same ta.

"Tashi, Goggo. Olinda za mu."

* * *

Mota biyu ake shiga. A tasha Goggo ta sayi ruwan rake kofi biyu, ta sha nata, ta ga Tainara ba ta taɓa nata ba, ta shanye shi ma.

Baba Osório shi ya ɗauki Tainara tana da shekara shida, ya horar da ita shekara goma sha uku. Shekara biyu da suka wuce manyan 'yan wasan kulob ɗin suka rubuta wa shugabanni takarda, suka ce tsohon ya gaji, hanyarsa ta dā ce, suna son koci mai takardar shaida daga São Paulo. Sunan Tainara ne na farko a ƙasan takardar. Tun ranar da ya kwashe kayansa a jakar leda ba ta ƙara ganinsa ba.

Gidansa yana garin Olinda, a kan tudu, a ƙarshen wani lungu mai matakala. Goggo ta tsaya a bakin ƙofa ta tafa hannu sau uku, ta ɗaga murya tana tambayar ko masu gida suna raye.

Ya fito da singileti da silifa, cokali a hannu. Ya rame. Ya dubi Goggo, ya dubi wadda ke bayanta.

"Sa min albarka, Baba," in ji Tainara.



"Allah ya yi miki albarka." Sai ya juya. "Zuleide, har yanzu kina ɗinka wa mutane riga hannu ɗaya ya fi ɗaya?"

"Har yanzu kai kake yi wa kanka aski? Buɗe mana ƙofa, rana tana dukanmu."

Ya ja musu kujeru a kicin. Akwai dambun masara da ƙwai a kan murhu, ya ce ya ishi mutum uku in Zuleide ta ji tsoron Allah. Goggo ta zauna ta jawo faranti. Tainara ba ta zauna ba. Ta buɗe hoton, ta ajiye wayar kusa da kofinsa.

Ya ɗauki tabarau daga saman firij. Ya duba. Bai tambayi mene ne ba.

"Wa ya ɗaga katifar?"

Goggo ta ce ita ta gano, yarinya ta ɗaga.

"Shekara bakwai," in ji shi. "Masu takardu suna wucewa ta kansa safe da yamma. Sai tela."

"Kai ka yanka, Baba."

"Ni na yanka. Ranar Lahadi, bayan coci, da almakashin kicin ɗin nan."

Tainara ta ce tana sauraro.

Ya tambaye ta ko ta tuna sansanin horo na farko da aka kira ta, tana da shekara sha huɗu. Ta tuna. Ya ce ta tafi da katakonta a saba'in da takwas, ta dawo bayan kwana goma tana cewa duk manyan 'yan wasan ƙasa a casa'in suke tsalle, ita ma casa'in take so. Ya faɗa mata su dogaye ne, juyawarsu ta baya doguwa ce. Ita gajeren baya gare ta, tana juyawa da sauri, kusa take buƙatar tebur. Ba ta ji ba. In ya matso da katako, sai ta tako tun daga can ta duba lamba, ta mayar da shi. Wata biyu suna haka. Ta murɗe wuyan hannu sau biyu.

"Na ce jikinki yana faɗa miki. Kika ce jiki ba ya karatu, tef ne yake karatu. Shekara sha huɗu fa, Zuleide."

Goggo ta ce ba sai ya faɗa mata ba, yarinyar da ke ƙirga wake a faranti.

"To sai na ba ki casa'in ɗinki. Ran Litinin kika zo kika duba, kika ga lambarki, kika yi gudu, kika dira a tsaye. Kika juyo kika ce min, ka gani ko, Baba? Na ce na gani."

Tainara ta tambayi yadda aka yi shekara biyar tana cin gasa a garuruwan da tef ɗinsu yake daidai.

Ya miƙe. Ya tura kujera gefe, ya jingina dunduniya da ƙafar tebur, ya ɗora ƙafa gaban ƙafa. Ɗaya, biyu, uku.

Ta san wannan tafiyar. Duk ƙasar an san ta. Kafin kowane tsallenta tsohon yakan yi taku uku daga tebur, dunduniya na taɓa yatsa, ya ajiye katako, ya tsaya a kan lambar, ya rufe ta da ƙafa ɗaya, har sai ta ɗaga hannu ga alƙalai. Sauran kociyoyi suna kwaikwayonsa a wurin cin abinci. Wasu sun ce camfi ne, wasu sun ce alkawari ya yi wa wani waliyyi. Ita kanta ta taɓa roƙonsa ya daina, yana ba ta kunya.

"Takalmina na gasa, tsawonsa santimita ashirin da shida. Sau uku. Shekara biyar ban canja irinsa ba, ko da ya fashe."

Goggo ta ajiye cokali. Ta ce ita duk zatonta addu'a yake yi.

"Ita ma ina yi. Amma bayan na auna."

Ba wanda ya yi dariya. Tainara ta ɗauki wayarta ta sa a aljihu.

"Ka ga gasar Aracaju?"

Ya ce ya gani, a talabijin ɗin da ke falo.

"Ka san dalili."

"Tun kafin ki dira."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya ce ya faɗa. Kwana uku bayan Aracaju ya rubuta komai da hannunsa, shafi ɗaya: inda ya yanka, nawa ya yanka, inda ya kamata katako ya zauna a kowane zaure. Ya shiga mota biyu ya kai kulob da kansa, ya miƙa wa Valdirene a ofishinta. Ta karanta a gabansa, ta ninke takardar gida huɗu, ta yi masa godiya. Ta ce yanzu da lamba ake aiki, ba da takalmi ba, kuma ta san rabuwa da yarinya irin wannan ba ta da sauƙi ga dattijo.

Tainara ta riƙe bayan kujera.

"Ta ɗaga katifar?"

"Ban sani ba. Ni dai an raka ni har bakin titi."

"Ni fa? Ni me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Na kira ki."

"Sau nawa?"

"Sau biyu. Ba ki ɗauka ba."

"Sau biyu a shekara biyu, Baba. Gidanmu bai tashi daga inda yake ba. Shagon Goggo bai tashi ba."

Ya cire tabarau ya goge da gefen singileti. Ya ce watannin farko fushi yake yi. Ya so ta hau wannan matakalar da ƙafarta, ta tambaya, kamar yau. Ya ɗauka faɗuwa ɗaya za ta kawo ta. Da ta faɗi ta biyu sai ya ga ya makara. Da ta faɗi ta uku sai maganar ta yi masa nauyin da bai san ta inda zai ɗauke ta ba, domin in ya buɗe baki sai ya faɗi abu biyu: ya yi mata ƙarya shekara biyar, ya yi mata shiru shekara ɗaya.

Goggo ta ce ashe shi ya sa yake tsallaka titi in ya hango ta a kasuwar kifi.

Tainara ba ta ɗaga murya ba.

"Duk Alhamis ina zama gaban wata mata in faɗa mata ni matsoraciya ce. Ta ba ni littafi in riƙa rubuta abin da nake tsoro. Na cika uku, Baba. Da na rasa abin rubutawa sai na fara ƙirƙira."

Ya mayar da tabarau a fuskarsa.

Ta ce ta san abin da ta yi masa da waccan takardar, kuma wata rana za ta hau matakalar nan don wannan maganar kaɗai. Amma ba yau ba. Yau ƙarfe huɗu ake komawa horo, jibi jirgi zai tashi.

A bakin ƙofa ya kira ta da sunan da ya sa mata tana ƙarama.

"Ɗan tsako. Saba'in da takwas. In zauren yana da sanyi, shimfiɗa ta yi tauri, saba'in da tara. Kar ki wuce nan."

Ta gyaɗa kai ba ta juyo ba. Goggo ta tsaya ta naɗe sauran dambun a takarda, ta ce ba za ta bar wa maƙaryaci abinci mai kyau ba.

* * *

Huɗu saura minti biyar Tainara ta shiga zauren ita kaɗai. Goggo ta wuce shago da awonta.

Warin gam ne ya fara tarar ta.

'Yan mata bakwai suna miƙe jiki a kan shimfiɗa. Fanka tana juyawa. A gefen hanyar gudu akwai tef sabo fil, fari, lambobinsa baƙaƙe suna ƙyalli. An kankare tsohon har ba a bar ko ɓurɓushi ba. An kwance siririyar katifar an jingina ta da bango, yadda kowa zai ga kan tef ɗin. Sifili yana nan, daidai gindin tebur.

Tainara ta ɗaga kai. Tagar ofishin Malama Valdirene tana sama, tana kallon teburin tsalle kai tsaye. Da rana ba ta tuna da wannan tagar ba.

Malama tana tsaye kusa da tebur, rigar kulob a jikinta, allon rubutu a hannu. Mace ce mai shekara arba'in da 'yan kai, ba ta makara, ba ta zagi, ba ta taɓa manta ranar haihuwar kowace yarinya ba. Ta ce wa 'yan matan tsohon tef ɗin ya goge, ta daɗe tana son canja shi. Sannan ta ce Tainara ce ta farko a tebur, tunda ita ke da tafiya.

"Katakonki yana kan casa'in, kamar kullum. Shafa alli ki hau."

Tainara ta shafa alli a hannu. Ta tafi can ƙarshen shimfiɗa, ta tsaya a inda take tsayawa. Daga nan teburin ya yi daidai da na Aracaju. Ta daɗe tana kallonsa, ba don tsoro ba. So take ta gani ko ido yana iya kama santimita sha biyu daga nisan mita ashirin da uku.

Yana iya kamawa. Ya daɗe yana kamawa.

Ba ta yi gudu ba. Ta tako a hankali har gaban katakon, ta sunkuya, ta kama bakinsa da hannu biyu.

A wannan zauren, tun zuwan Malama, 'yar wasa ba ta taɓa katako. 'Yan matan suka daina miƙe jiki.

Malama ta ɗora ƙafarta a kan katakon.

"Ina za ki kai shi?"

"Saba'in da takwas."

Malama ta juya ta ce wa sauran su je sandar lilo su fara, yanzu. Ta jira har suka yi nisa. Da ta sake magana, muryarta ba ta wuce su biyu ba.

"Kin je Olinda."

"Na je."

"Ya ba ki kofi?"

"Abu ɗaya nake so in sani, Malama. Ranar da ya kawo miki takarda, kin ɗaga katifar kin duba?"

Malama ta dubi allon da ke hannunta. Ta ce a watan farko da ta zo, tsohon ya aiko mata saƙo goma sha ɗaya. Yadda za a buɗe taga, irin allin da za a saya, yarinyar da ba a yi wa tsawa kafin ta ci abinci. Wannan ta zama ta goma sha biyu. Wane koci ne zai yarda cewa mutum ya yanka ma'aunin zaurensa da almakashi?

"Ba ki duba ba."

"Yau na duba."

Tainara ta ce to shi ke nan. A matso da katako, a gyara lambar da ke katinta, ta tafi Curitiba ta yi tsallenta. Ba ta neman kowa da faɗa.

Malama ta ce ba haka abin yake ba. A zaɓen ranar Asabar ba kocin kulob ke ajiye katako ba, mutanen masu zaɓe ne, kuma da katin da aka aika musu suke aiki. Katin yana can tun makon jiya, casa'in a kai, da sa hannunta. In za a canja, ita za ta rubuta, kuma za su tambayi dalili. Babu 'yar wasan da ke matsar da katako santimita sha biyu ana saura kwana huɗu, bayan shekara bakwai, ba a tambaya ba. Rahoto shida ta aika musu a kan tsoron Tainara. Shida.

"Ki ce musu kin yi kuskure."

"Ki ba ni kwana biyu. Yau da gobe, a casa'in na gaskiya. Kina da ƙarfin da ba ki da shi kina sha huɗu. Zan tsaya miki a tebur da hannuna."

"Na gwada casa'in na gaskiya sau shida, Malama. Kina wurin."

Malama ta zare wani abu daga ƙarƙashin maƙalin allon. Takarda ce mai layi, an ninke ta gida huɗu, gefenta ya yi ja don daɗewa.

"To ga dalilin da zan ba su. Rubutun hannunsa ne. Ya ce shi ya yanka ma'auni, ya sa yara suna tsalle a kan lambar ƙarya shekara biyar. Kin san yana koya wa yara talatin alkafura a zauren coci, can Olinda? Da izinin waɗannan mutanen yake yi. Ranar da suka karanta wannan, ya gama. Ki matsar da katakon, gobe takardar tana Curitiba kafin ke."

Tainara ba ta saki katakon ba. Daga inda take a sunkuye tana ganin bayan takardar, inda biro ya danne har ya fito. Ta san rubutun. Shekara goma sha uku yana rubuta mata jadawalin horo da shi, kuma bai taɓa fara shafi kai tsaye da magana ba.

"Malama, buɗe ta."

"Na san abin da ke ciki."

"Ba ciki ba. Sama, ta hannun dama. Wane kwanan wata ya rubuta?"

Malama ba ta motsa ba. Can a sandar lilo wata ta dira, katifa ta yi ƙara, ba wanda ya tafa mata.

Sannan ta buɗe ninki na farko. Ta buɗe na biyu. Idonta ya tafi kusurwar sama ya tsaya. Duk wanda ya karanta takardar a Curitiba zai ga tun yaushe take hannunta.

Ƙafarta tana kan katakon har yanzu. Amma Tainara ta ji nauyin da ke danne shi ya ɗan saki a tafin hannunta.

Ta fara ja.